Azarar da aka yi wa Inna rufi da ita

Shekarar da ruwa ya dawo bayan farin nan, rabin unguwarmu a Guci kangaye ne. Mutane sun yi kudu neman abinci, sun ja ƙyaure sun ɗaure da igiya. Cikinsu har da yayata, ƴar farin Inna, ita da mijinta da goyo. Tun tafiyarsu ko saƙon baka ba mu samu ba. Inna ba ta faɗin sunanta saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce “yarinyar nan”, kuma kullum sai ta je ta share mata ƙofar gida.

Soron Inna ya tsage, damina ta ci rufin. Wana, da ke bin kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, a Magarya, ya zo da zafinsa, wai zai mai da shi irin ɗakunan da yake gani a Damagaram. Mutum ne mai kirki, amma in ya sa abu a gaba ko kunne ba ya da shi. Ya tura Inna garin Waca wurin ƙanwarta, ya kama aiki.

Ya fasa tsohon tano, wato gangar ƙarfe, ya miƙe shi ya yi ƙyaure. Ya jera kwalabe a bango don haske ya shigo kore-kore. Katakon akwatunan shayi ya zama kanta, ya shafe ciki da farar ƙasa da shuni. Gaskiya ɗakin ya yi kyau, ni kaina bakina ya ƙi rufuwa. Azara ce ta gagara, don giginya ta yi wuya. A garinmu kuwa ba a cire azarar wanda ya yi tafiya sai an fid da rai da dawowarsa. Wana ya ce ai kayan ɗaki ɗaya ne, ya je ya kwashe ta gidan yayata.

Ran da Inna ta dawo ya tare ta da murna.

“Inna, ku shiga ku gani.”

Ta shiga, ta ɗaga kai. A jikin azara ɗaya akwai guntun ragayar da ita da kanta ta saƙa lokacin da aka kai yayata ɗakin miji. Ta daɗe tana kallo.

“Wa ya aiko maka cewa ta mutu?”

“Ba kowa, Inna. Aro na yi, in sun zo sai in mayar.”

“In ta zo yau fa, ina za ta sauka?”

Ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci guda kamar ranar ba, har yau abin yana ci mini rai.

Ruwan farko ya narkar da bangon yayata, tunda babu rufi. Inna ta daina zuwa shara, ta kwashe tabarmarta ta koma madafi, cikin hayaƙi da kaji. Wana ya roƙa, liman ya sa baki, ta ce ba za ta kwanta tana kallon gidan ƴarta a samanta ba. A madafin ta yi sauran shekarunta, a nan kuma muka yi mata wanka.