Sunan ƴar aminina da na gani a ordinatata

A lokacin ni ne daraktan wata lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, mutum mai saurin hawa, wanda ya tsani a ce bai san abu ba. Ina da ordinata, wato kwamfuta, a gida, cikinta nake rubuta tambayoyin jarrabawar ƙarshen shekara. Ina kuma da ɗan akwatin wifi, na ba aminina lambar sirrinsa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, tare muka yi karatu a Damagaram, shi ma yana koyarwa a lakwal ɗin. Ƴarsa ta fari tana cikin ajin da zai zauna jarrabawar.

Wata Asabar da hantsi ina lalube a ordinatar, na faɗa shafin mai gadin na'urar, wanda ake ce wa pare-feu. Layi bisa layi da Faransanci, kowanne na cewa an toshe yunƙurin shiga, ga awa, ga minti, ga lambobi masu ɗigo-ɗigo. A gefen wasu layukan kuwa sunan ƴar aminina ne ɓaro-ɓaro, kuma na san sunanta ya sa wa wayarsa. Na ce ashe haka, tambayoyin yake nema wa ƴarsa! Daga ranar komai ya yi sai in ga alama. In ya tambaye ni ko na gama rubuta tambayoyin, in ce a raina ga alamar nan. In ya yi shiru, in ce kunya ce ta kama shi. Uwargidana ta ce in kira shi zaure in tambaye shi, na daka mata tsawa na ce me ta sani game da na'ura. Ni ma fa ban san komai ba.

Na canza lambar sirrin, da ya tambaya na ce akwatin ya lalace. Sannan na ɗauki hoton layukan na kai wa na gaba da ni. Ba a sami aminina da laifi ba, amma magana ta riga ta zaga gari. Yarinyar ta zo ta ɗaya da ƙoƙarinta, mutane suka ce ai an san hanyar. Shi da kansa ya nemi canjin wurin aiki, ya kwashe iyalinsa zuwa wani ƙauye bayan Guci, ko sallama ba mu yi ba.

Bayan watanni ordinatar ta ƙi tashi, na kai ta wurin mai gyara a Damagaram. Da ta tashi na nuna masa shafin, har da ɗan alfahari. Ya dube ni ya ce duk wayar da ke kan wifi ɗaya da ordinata takan leƙa ta gaishe ta da kanta, ba tare da mai wayar ya sani ba, mai gadin kuma ya ƙi amsawa ya rubuta. Ya ce an toshe na nufin babu abin da ya shiga. Sai ya gangara ƙasa ya nuna mini layukan wayata, sun fi na aminina yawa. Innalillahi, na rasa inda zan sa kaina.

Na hau babur na sami aminina a ƙauyen. Ya ba ni ruwa, ya saurare ni, ya ce ya yafe. Da na tambayi labarin yarinyar, ya ce tun da aka fara kiranta ɓarauniyar jarrabawa ta daina ɗaga hannu a aji, ko da ta san amsa.

Har yau wannan maganar na cina. Jama'a, in na'ura ta nuna muku abin da ba ku gane ba, ku nemi wanda ya sani kafin ku ambaci sunan kowa. Ni tambaya ɗaya na ji nauyin yi, yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ta ɗauki abin a kanta.