Farashin da na rubuta a shafin shagonmu

Shekarun baya, lokacin da na gama difloma na dawo Daura ba aikin yi, sai na ɗora wa kaina ceto shagon mahaifina. Ba wanda ya ce shagon yana neman ceto. Mahaifina baduku ne, takalman fata yake ɗinkawa a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa, kuma da ita ya biya mini karatun da na dawo ina yi masa iyayi da shi.

Wani abokina da ya karanta kwamfuta a Katsina ne ya koya mini yadda ake buɗe shafin intanet. Ya ce da farko a sayi suna, gajere wanda mutum zai iya riƙewa a ka. Sannan a kama hayar wurin da shafin zai zauna, kamar yadda ake kama rumfa, duk shekara a sabunta. A sa hotuna marasa nauyi saboda masu ƙaramar data, a sa lambar wayar da ake ɗauka, kalmar sirri kuma kada a ba kowa. Abin da ya fi nanatawa shi ne farashi. Ya ce mutumin Legas ba zai kira ka don ya tambayi kuɗin takalmi ba, in bai gani a rubuce ba wucewa zai yi.

Na zauna da mahaifina ina nuna masa takalma ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini kuɗinsu ba tare da ya ɗago daga ɗinkinsa ba. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni, "Su wa za su ga wannan abin naka?"

Na ce, "Mutanen nesa, Baba. Kano, Abuja, har ƙasar waje."

Ya ce to, Allah ya sa albarka.

Ranar da shafin ya hau, ji nake kamar na gina bene. Don zumuɗi na tura adireshinsa duk guruf ɗin da nake ciki, har na unguwarmu. Ni da na ce mutanen nesa, maƙwabta na fara aika wa.

Mahaifina yana da wani amini a unguwarmu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa. Duk azumi yakan zo ya sayi takalmin Sallah. Cinikinsu kuwa abin kallo ne. Mahaifina ya faɗi kuɗi, Malam ya ce wannan ai fashi ne da rana tsaka, ya miƙe kamar zai tafi, mahaifina ya riƙo bakin rigarsa. Sai sun kwashe awa guda kafin a sallama, Malam ya tafi yana faɗa wa mutane yadda ya kayar da baduku. Ban taɓa kula da nawa suke daidaitawa ba. Ashe kuɗin da Malam yake biya ko fatar ba zai saya ba. Tun da ya yi ritaya fanshonsa ya zama sai an ga dama, mahaifina ya tsayar masa da farashi a inda yake, bai taɓa bari ya gane ba.

'Yar Malam ce ta ga shafin a guruf, ta nuna masa cikin murna, ga irin takalminsa nan a waya. Ƙarƙashin hoton kuma ga kuɗin da na rubuta da manyan lambobi.

Azumi ya kai ashirin Malam bai zo ba. Mahaifina ya riga ya ɗinka masa nasa takalmin, don ya san ƙafarsa ba sai ya gwada ba. Ana saura kwana uku Sallah sai ga shi. Ya yi sallama, ya ƙi zama a kan bencin da ya saba, ya ajiye kuɗi a kan tabarma.

Ya ce, "Na ga shagonku a waya, ma sha Allah. Ga kuɗin takalmi, yadda aka rubuta."

Mahaifina ya ce, "Haba Malam, wannan ai na mutanen Abuja ne. Zauna mu yi namu cinikin."

Malam ya ce, "Mun daɗe muna yin namu cinikin. Yau dai ka bar ni in saya kamar kowa."

Na ga hannun mahaifina ya tsaya a kan kuɗin, ya rasa ko ya ɗauka ko ya tura masa. Ƙarshe ya ɗauka. Daga baya ya gaya mini in ya mayar, ya kunyata shi sau biyu ke nan.

Da Malam ya tafi na ce bari in goge farashin, ai minti ɗaya ne. Mahaifina bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ka goge a wayarka. A idonsa fa?"

Shafin ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba. Mun aika kaya Kano da Kaduna a motocin tasha, har yau kuma farashi yana nan a rubuce, don abokina bai faɗi ƙarya ba. Zumuncinsu ma bai yanke ba, suna gaisawa a masallaci, suna zuwa wa juna suna da jana'iza. Amma Malam bai sake sayen sabon takalmi ba. Wancan ɗin ya riƙa kawowa gyara, kuma kafin ya miƙa sai ya tambayi kuɗin gyaran na gaskiya.

Yanzu in wani mai ƙaramar sana'a ya zo in taimaka masa da shafi, ina koya masa duk abin da aka koya mini, suna da haya da hotuna. Sai in ƙara masa abu ɗaya, ya je ya zauna da wanda ya daɗe a shagon ya tambaye shi wane ne bai kamata ya ga wani abu ba. Ni na ɗauka intanet waje take kallo. Na manta mutumin da ke bayan katangarmu ma akwai waya a gidansa. Tsoffinmu suna da alherin da suke yi a ɓoye, wanda ba ya rayuwa in an rubuta shi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Sai da na shekara biyu kafin na iya zuwa zauren Malam in ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama kame-kamena, sannan ya yi murmushi.

Ya ce, "Ba ka yi laifi ba, ɗana, gaskiya ka rubuta. Ni dai da na so in koma ga Allah ban sani ba."