Baffan Amarya

A unguwar Edmonton da ke London, duk Bahaushen da hukuma ta aiko wa takarda mai tayar da hankali, gidan Malam Zailani yake nufa. Gadin kanti yake yi, aikin da bai taɓa ƙara masa daraja ba, amma Allah ya ba shi alƙalami. In ya rubuta cewa sanyin ɗaki na neman kashe tsohuwa, sai a sauya mata gida. In ya rubuta cewa wane ba ya iya tsayuwa, sai ka ga wane ya fara ɗingishi da gaske. Har tsokanarsa ake yi, wai abin da Malam ya rubuta shi ke faruwa. Shi kuwa ba ya dariya, don ya fi kowa sanin gaskiyar maganar.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, a Zariya, matarsa ta rasu ta bar masa jaririya, Nana Aisha. Lokacin ƙanensa Dakta Ahmad na shirin tahowa London da iyalinsa. Zailani ya zauna ya cike takardu da hannunsa, ya rubuta cewa yarinyar 'yar Ahmad ce. Layi ɗaya tak. Aka buga hatimi, aka tafi da ita.

Sai da aka yi shekara tara sannan ya samu ya biyo su. Ya tarar da ita a unguwar Camberwell tana kiran Ahmad Daddy, shi kuma aka nuna mata shi aka ce ga Baffanki. Ahmad ya ja shi gefe ya ce, "Yaya, in ta sani za ta faɗa a school, a yi mana cancel ɗin komai. Ka bari ta girma." Ya bari. Abin da ya ƙara dagula lamarin, mutumin da ne shi, mai kunyar 'yar fari. Ba ya kiran sunanta, ba ya zama inda take. A Zariya kowa zai gane halin uba ne. A London yarinya ta ɗauka Baffa ba ya ƙaunarta. Shi kuwa duk tsawon shekarun nan abu ɗaya yake so, ta ce masa Baba ko da sau ɗaya.

Ta girma, ta zama lauya, ta kawo miji. Ahmad ya buga masa waya, ko kunya babu. "Yaya, kai ne waliyyi. Ka san uba ba ya ba da auren 'yarsa da kansa, aikin baffa ne."

Ana jibi ɗaurin aure Zailani ya rubuta mata wasiƙa shafi huɗu. Ya sa sunan mahaifiyarta, da ɗakin da aka haife ta, da layin nan da ya raba su. Tunda yake rubutu bai taɓa yin wanda babu ƙarin gishiri a ciki ba sai wannan. Ya kai mata da kansa, ya juya da sauri.

A masallaci liman ya tambayi waliyyin amarya. "Ni ne, baffanta," in ji Zailani, kalmar na ƙona masa harshe. Ya ba da aure, aka shafa fatiha, kowa ya wuce shi ya je yana yi wa Ahmad barka.

A wajen walima a Dagenham ta neme shi, hannunta duk lalle, tana murmushi.

"Baffa, na karanta," ta ce da guntuwar Hausarta. "Har na yi kuka. Na nuna wa Daddy, ya ce ai aikinka ke nan, ka rubuta wa mutane labari har su yarda. It's beautiful, wallahi. Me ya sa ba ka yin publishing?"

Ya ɗaga kai ya hango Ahmad cikin babbar riga yana gaisawa da baƙi. Ya buɗe baki zai kira sunanta, ya kasa.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce.

"Amin, Baffa."