Ƙwaryar da Inna ta Wanke

Duk ranar kasuwar Dangora, idan matan Fulani suka sauke ƙorai kusa da rumfar da nake awon hatsi, ƙamshin kindirmo kan tsayar min da ciniki na ɗan lokaci. Masu yi min awo suna zaton kwaɗayi ne. Bari in gaya maka dalili.

Ina yaro, tun Bature bai tafi ba, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Da bazara ana sharar gona, gatari ya goce ya sari babana a ƙafa. Ciwon ya kumbura ya yi ruwa, aka ɗora shi a jaki zuwa ɗakin shan magani. Aka yi masa allurai, aka ba shi ƙwayoyi. Ƙafa ta warke sarai, amma ya dawo gida da zawo wanda ya ƙi tsayawa.

Mutumin da ke ɗaukar damin dawa shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi zuwa bayan gida. Idanu suka faɗa, leɓe ya tsage. An jiƙa sassaƙe, an sha rubutu, ko koko ba ya zama a cikinsa. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, maƙwabta na gyaran sungumi. Shi kaɗai ne mai ƙarfin noma a gidanmu. Ko ya tafi, ko ya kwanta har shuka ta wuce, yunwa ce ke jiranmu. Kowa ya san haka, ba mai faɗa.

Kaka, mahaifiyarsa, ta ce maganin Bature ya share masa ciki kamar tsintsiya, ya kwashe mugu ya haɗa da nagari, sai ya sha kindirmo cikin zai dawo daidai. To ina nono da bazara? Shanu duk sun yi kudu, bayan duwatsun Doguwa. A rugar da ke kusa da mu ba kowa sai wata tsohuwar Bafulatana da tafiya ta gagara, ba ta da saniyar tatsa ko ɗaya. Kaka ta ja ni muka je. Tsohuwa ta ɗauko wata baƙar ƙwarya, busasshen nono ya kama cikinta, tana tashin tsami.

"Kuna da akuya mai shayarwa? Ku dafa madararta, ta huce, ku zuba a nan ku rufe."

Da muka dawo Kaka ta miƙa wa innata ƙwaryar, ta wuce wajen ɗanta. Inna mace ce mai tsabta. A gidansu an koya mata ba a ba miji abinci a ƙazamin mazubi, balle mara lafiya. Ta sa yashi da toka ta dirje ƙwaryar tas, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta shanya a rana, sannan ta zuba madara. Washegari madara ba ta kama ba. Ta tsinke, ruwa a sama, sai wari.

Kaka ta juya ƙwaryar a hannu. "Wa ya wanke ta?"

"Ni ce, Iya. Na ga datti ne."

"Datti? 'Yar nan, irin nonon kika kankare. Maganin ne kika zubar a kwata."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, hannu biyu a ka, ko hawaye babu. Ranar baba ya kasa salla ko a zaune. Da la'asar ruwan farko ya sauka, muna jin mutane na kiran juna a fita shuka.

Inna ba ta jira ya ɗauke ba. Ta kama hannuna muka bi taɓo da gudu har ruga, ta durƙusa ta faɗi abin da ta yi. Tsohuwa ta daɗe tana lalube, can ta zaro wani ludayi da ke soke a jikin bukka, da ɓawon nono a cikinsa.

"Shi kaɗai ya rage. In kin wanke wannan, kada ki dawo."

Aka ɗaure ɗan akuya nesa da uwarsa, ya yini yana kuka, don a tara abin tatsa. Inna ta dama madarar da ludayin, ta rufe da faifai, ta ajiye kusa da murhu. Da gari ya waye Kaka ce ta buɗe. Nono ya kama, fari sol. Aka riƙa ɗura wa baba kaɗan-kaɗan, muna tsaye muna jira mu ga ko zai fito. Ya zauna a cikinsa.

Yanzu har a roba ake sayar da kindirmo, ba mai aron ƙwaryar wani. Kwanaki da aka ba jikata maganin ƙwayoyin cuta, likita ya ce a haɗa mata da yogot. Ya ce akwai halittu masu rai a ciki da kan taimaki hanji, amma ba kowanne ke aiki ba, kuma ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari. Ni ɗan kasuwa ne, ba na rantsuwa kan abin da ban auna ba. Ko nonon ne, ko kwanan baba ne bai ƙare ba, Allah ya sani. Abin da na gani da idona shi ne baba ya fita gona yana dogara sanda. Dawarmu ta yi latti, ba ta cika rumbu ba, amma ta kai mu wata damina, kuma shi ya raba mana ita.