Fis Ɗin Da Taubashina Ya Yanke

Assalamu alaikum. Shekara huɗu da suka wuce ni malamin firamare ne a wani ƙauye yamma da Ɗambatta, kuma abin da nake taƙama da shi bai wuce makullin mota ɗaya ba. Ƙungiyar manoman garinmu ta haɗa ƙarfi ta sayi tsohuwar mota don kai marasa lafiya da mata masu naƙuda asibiti, aka damƙa mini ita saboda ina da lasin, kuma dattawa sun ce ba ni da rawar kai. Wannan shaida ta fasa mini kai fiye da kima. Har wanke motar nake yi ranar da ba ta je ko'ina ba, matata tana tsokanata wai in shigo da ita ɗaki mana.

Wata rana a hanyar Kano wani ɗan acaɓa ya gogi gefen motar, ya tashi ya rantse ni na buge shi. Da ƙyar na sha. Shi ya sa na sayo ƙaramar kyamara irin wadda ake mannawa a gilashin gaba tana ɗaukar hanya. Da farko a gurbin caji nake sa ta, amma duk wanda ya shigo sai ya zare ya maƙala wayarsa, ni kuma ba na iya hana ɗan'uwan maras lafiya caji. Sai mai shagon da na sayi kyamarar a Kano ya ba ni wata waya ta musamman da ake haɗawa kai tsaye da wutar mota, ya nuna mini ɗan fis ɗin da ke jikinta mai yanke wuta idan ta yi yawa, ya ja mini kunne cewa a akwatin fis ake jona ta, kada a bari kowa ya ɗebi wuta a wani wurin. Na ce na ji.

Maimakon in koma Kano a yi mini, sai na kira taubashina, ɗan Gwaggo, wanda yake gyaran wayoyin babura da injinan ban ruwa. Gwaggon nan ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, tabarma ɗaya muka kwana da shi, kwano ɗaya muka ci tuwo. Ban gaya wa ƙungiya ba, don na san za a ce a bari sai an zauna, ni kuma so nake su gani kawai su yaba. Ranar Asabar da hantsi muka kai motar bayan makaranta inda babu kowa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ce akwatin fis ɗin ya yi masa nisa. Ya fere wata jar waya mai kauri da ta taho daga batir, ya sa filaya ya datse fis ɗin kyamarar, ya murɗe wayoyin biyu, ya naɗe da salatif. Da na tambaye shi fis ɗin fa, sai ya ce fis na matsorata ne irina, malamin da alli kawai ya iya riƙewa. Wasan taubasai ne, na saba. Na yi dariya, na bar maganar.

Wata uku kyamarar tana aiki lafiya. Ashe a duk gargadar da muke shiga wayar tana gugar ƙarfen sitiyari. Cikin damina, ina dawowa daga asibiti ni kaɗai, na ji wari kamar ana ƙona leda, kafin in taka birki hayaƙi ya turnuƙe ƙafafuna. Masu noma a gefen hanya ne suka rugo suna watsa ƙasa, ni kuma na fizge kan batir da hannu, har yau tabon yana nan. Motar ba ta ƙone duka ba, amma wayoyinta sun narke, sai da ta yi mako bakwai a gareji.

Aka tara mu a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar. Bakaniken da ya duba ta ya ce wani ne ya ɗebi wuta daga wayar batir ba fis. Aka tambayi wanda ya yi aikin. Na juya na kalli taubashina, wallahi hankalina kwance, na ɗauka zai ce mu biyu ne mu raba kunyar. Sai ya gyara zama ya ce lallai na tuntuɓe shi, amma shi ya ba ni shawarar in kai Kano, hannunsa bai taɓa motar ba, wataƙila Malam a waya ya kalla ya gwada da kansa. Aka yi dariya. Na ce ba haka aka yi ba, aka ce wa ya gani? Babu, domin ni na zaɓi wurin da ba kowa. Aka karɓe makullin a gaban jama'a, kuma da motar ta dawo taubashin nawa aka miƙa wa, wai ya san kan wayar wuta.

Da a nan ya tsaya da da sauƙi. A cikin makonnin da motar take gareji naƙuda ta zo wa matar maƙwabcina da gardama, ga ruwa ya cinye hanya. A amalanke aka tura ta zuwa bakin titi, jaririn bai zo da rai ba. Na san rai na Allah ne, shi ma ya sani. Amma tun daga ranar idan na gaishe shi yana amsawa ne yana kallon wani wajen.

Bayan kaka ina kwashe tarkace na ci karo da kyamarar, ta lanƙwashe da zafi. Na zaro ɗan katin cikinta na sa a waya. Irin wannan kyamara tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo, sai dai wanda ta ɗauka lokacin da ta ji jijjiga, shi take ajiyewa. Ashe da wuta ta shige ta ranar Asabar ɗin nan taubashin nawa ya jefa ta kan kujera, jijjigar ta sa ta ajiye hoton. Ga fuskarsa nan tar, ga fis ɗin a hannunsa, ga maganar matsorata. Ga kuma dariyata a baya, har da tafi.

Na same shi a rumfarsa na nuna masa mu biyu. Na yi zaton zai sunkuyar da kai. Ya kalla har ƙarshe, ya tambaye ni wa da wa suka gani. Da na ce ba kowa, sai ya ce in tuna Gwaggo tana fama da hawan jini, in ina so in ƙarasa ta bismillah. Bai ce in yafe masa ba. Wannan ya fi maganar ƙofar mai gari yi mini ciwo, don ya san inda zai kama ni, kuma ya kama.

Katin yana nan cikin gwangwanin allurar matata, ban nuna wa kowa ba, ban kuma iya jefarwa ba. Gwaggo kullum tana sa mana albarka, tana cewa ita dai ta gode Allah da kanmu yake a haɗe.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, kayan jama'a ba a yi musu aiki a ɓoye, ko da niyyar alheri ce. Duk wayar da za ta shiga wutar mota kada ku yarda a jona ta ba fis, ko wane ne mai aikin. Idan kuma ɗan'uwa ya rufe muku baki da wasa a kan abin da kuka san ba daidai ba ne, ku daure ku ɓata wasan a wurin. Ni na yi kara na minti ɗaya, yau shekara huɗu ina wuce ƙofar maƙwabcina da gaskiyata a gida, ina yi masa sallama yana kallon bango.