Baƙin Ruwan Ƙasan Sharaɗa

Ranar wata Lahadi a Fabrairun 1984, ɗana Gwadabe ya dawo daga sallar asuba ya sha koko, yana tsokanar uwarsa wai ta yi rowar sukari. Da hantsi ya leƙa lambunsa na latas a bakin rafi, ƙasan Sharaɗa, ya tarar ganyen ya sake ƙonewa.

Tun da ya kama noman rani ya iya gane kamfanoni da launin ruwansu. Ja na masaƙa ne, toka-toka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai na masu jimar fata. Amma baƙin ruwan da ke kashe masa shuka, kowane kamfani ya ce ba nasa ba ne.

Bayan azahar ya ɗauki tocila. "Baba, yau kamfanoni a rufe suke. Zan bi lambatun nan in ga bututun da ke zubo baƙin ruwan da idona."

Na ce ya dawo kafin la'asar.

Ba mu san cewa ranar Lahadi suke sakin ruwan tankunansu ba, don ranar duba-gari ba ya aiki. Masu gadinsu sun sani, manajojinsu ma sun sani.

Washegari aka tsinci gawarsa a bakin kwalbati. Manajan da na samu gani cewa ya yi, "Malam, me ya kai shi ciki?" Hukuma kuwa ta ce ambaliyar ruwan sama ce. A watan Fabrairu!

Tufafinsa mun bayar sadaka. Fartanyarsa da bokitinsa na ba Nuru, maƙwabcin lambunsa, wanda har yau da ruwan nan yake ban ruwa.