Ranar Da Ma'aruf Ya Ɗora Talabijin A Baro

Akwai wani hali da ba na so: mutum ya yanke wa abu hukunci tun bai gan shi ba, har ya ɗora rantsuwa a kai. Zan zo kan wanda ya yi haka. Amma maganata yau a kan Ma'aruf mai gidan kallo take, wanda idanunsa suka fara gajiya, ya ce bana zai ajiye aiki.

Duk mai bi ta bayan kasuwar Illela da hantsi ya san shi. Zai share rumfa, ya yayyafa ruwa, ya goge gilashin talabijin, sannan ya zauna shi kaɗai yana kallo. Na daɗe ina mamakin wannan zama. Da na tambaye shi sai ya ce, "Baba, ba ni nuna ma ɗiyan mutane abin da ban gani ba tun daga farko har ƙarshe." Ashe tacewa yake yi. Duk fim ɗin da zai sa uwa ta sunkuyar da kai a gaban ɗanta ba ya shiga rumfar nan. Na raha da zumunci yake nunawa, irin wanda ake tashi ana dariya, sai kuma na tarihi. Alhamis, da babu makarantar allo, ranar mata da yara ce. Ladan na ɗaga murya zai kashe, ko da an zo wurin daɗi.

Na tarihin daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, yake samo yawancinsu, da Faransanci, sai ya rage murya yana fassarawa. In ya zo inda bai gane ba, ba ya ƙirƙira. Tsayar da hoton yake yi, ya waiwayo: "Wa ya san wanga?" Ta haka tsofaffin da jikoki suka daina saurara suka sami masu tambayarsu.

To, Alhaji Mukhtari dillalin albasa bai taɓa leƙawa ba, amma ya ce duk gidan kallo ɗaya ne. A ƙofar masallaci ya rantse ƙafarsa ba za ta taka rumfar nan ba har ya mutu, ya shiga bin dattawa a rufe ta. Mukhtari yana cikin uwarsa ubansa Maccido ya rasu. Ko hoto bai bari ba.

Wata Alhamis ɗiyata Zuwaira tana wurin, ita ta ba ni labari. An sa wani tsohon fim marar launi na kasuwar Ƙonni. Ma'aruf ya tsayar da hoto kan wani mutum yana ɗaure wa raƙumi kaya, ya ce wa ya san irin wannan ɗauri. Sai Inna Tasalla, uwar Mukhtari, wadda ta biyo maƙwabta ba da saninsa ba, ta miƙe da sandarta, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Bar zancen ɗauri, ɗana," in ji ta. "Wanga uban autana na."

"Inna, mi kika ce?"

"Kurma kake? Duba yatsan da raƙumi ya cije mai. Ni na yi jinyar shi."

Kafin la'asar magana ta kai ga Mukhtari. Ya zo, ya tsaya a tsallaken hanya, ya kasa gaba ya kasa baya. Mutum ya yi furfura bai san fuskar ubansa ba, ga ta can cikin rumfa, ga rantsuwa a tsakani. Masu shayi suka samu abin yi: "Alhaji, a ɗauko ka a kafaɗa? Ai ƙafa ka ce!" Ya juya gida.

A nan ne nake so ku san Ma'aruf. Ga mutumin da ke neman raba shi da sana'arsa ya shigo hannu. Da wani ne, zai jira ya zo da kansa, jama'a na kallo. Shi kuwa sai ya zare wayoyi, ya ɗora talabijin da ƙaramin janareta a baro, ya turo har zauren Mukhtari. Ina zaune a ƙofar gidana ya wuce, na bi shi in ga ƙarshen abin.

"Alhaji," ya ce, "kai ka rantse ba ka zuwa wurinta. Ita ba ta rantse ba."

Aka kunna. Mutumin cikin fim ɗin ya ja igiya, ya ɗago kai, ya yi wa mai ɗaukar hoto dariya. Wani ya ce, "Wallahi kunnuwan Alhaji!" Mukhtari bai ji shi ba. "Maido shi baya," kawai yake cewa. Aka maido. "Ƙara." Har aka kira magariba, Ma'aruf ya kashe kamar yadda ya saba.

Shin Maccido ne? Ni ban san shi ba, Allah ne masani. Amma matarsa ta shaida, kunnuwa ma sun shaida.

Mukhtari ya yi asarar gardamarsa, dattawa sun janye daga bayansa, shekarun da ya hana iyalinsa dariyar Alhamis kuma ba su dawowa. Yanzu akwai wani benci a waje, dab da bakin rumfa. Ma'aruf ya ajiye masa shi. A nan yake kallo, rantsuwarsa na nan ba ta karye ba.

Kai ne, Ma'aruf, mai gani kafin a gani. Ka ƙarar da idanunka don tsare namu. Mun gode, Allah ya ƙara musu haske. Ku kuma samarin da ke tura wa yaranmu fina-finai a waya, ku kalla tukuna. In ba ku sani ba, ku tsaya ku tambaya.